A DAINA ƊORA WA TSAUTSAYI KOWANE LAIFI

Wannan shi ne jawabin da wani likita mai duba lafiyar ma'aikata ya yi a Jos, hedkwatar Jihar Filato, gaban taron direbobi, da ma'aikatan asibiti, da masu haƙar kuza. An kawo shi a wannan shafi musamman saboda 'yan Arewa mazauna Ikko, da Badun, da Fatakwal, da Anaca, da sauran biranen Kudu, waɗanda galibinsu da ƙarfin jikinsu suke neman abinci.

Bayan ya yi sallama, ya gai da shugaban taro da manyan baƙi, likitan ya ce akwai wata kalma guda wadda ta fi kowace kalma toshe ƙofar bincike a ƙasar nan, watau tsautsayi. Mota ta faɗi, a ce tsautsayi. Rami ya rufta da masu haƙa, a ce tsautsayi. Ɗan dako ya kai shekara arba'in ya kasa miƙe bayansa, a ce haka aka ƙaddara masa. Ya ce babu mai imanin da zai yi jayayya da ƙaddara, amma malamai sun koyar da cewa mai raƙumi ɗaure abinsa yake yi tukuna, kana ya dogara ga Allah. Saboda haka abin da ya kawo shi taron shi ne ya bayyana yadda ake ɗaure raƙumin.

ILMIN DAIDAITA AIKI DA MA'AIKACI

Ya ce akwai wani fannin ilmi wanda Turawa ke kira egonomiks, ma'anarsa kuwa ita ce daidaita aiki, da kayan aiki, da wurin aiki, su dace da jikin ɗan Adam da hankalinsa. Tushen wannan ilmi abu ɗaya ne: mutum yana gajiya, yana mantuwa, barci na ɗaukarsa, idonsa kuma na ruɗuwa, don haka duk na'urar da aka ƙera bisa zaton mai aiki da ita ba zai taɓa kuskure ba, to, tarko aka ɗana masa.

Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya mai suna Ramazini ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar marar lafiya sana'ar da yake yi. Amma ilmin bai kafu sosai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wannan yaƙi sojan saman Amurka sun rasa gane dalilin da ya sa ƙwararrun matuƙa ke fasa wani babban jirgin yaƙi mai suna B-17 a daidai lokacin sauka. Kullum sai a rubuta cewa laifin matuƙi ne. Da wani masani mai suna Alphonse Chapanis ya shiga ɗakin tuƙin, sai ya tarar maɓallin ƙafafun jirgi da maɓallin fiffike kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Matuƙin da ya kwana a sama, in ya miƙa hannu a gajiye, sai ya naɗe ƙafafun jirgi alhali fiffike ya nufa. Maganin da aka yi bai ci kuɗin kirki ba: aka maƙala wa ɗaya 'yar ƙaramar taya ta roba, ɗayan aka yi masa siffar fiffike, yadda hannu zai bambanta su ko da a duhu. Irin wannan haɗari ya kau, ba tare da an sauya matuƙan ba. A 1949 masana suka kafa ƙungiyar wannan ilmi a Ingila, a 1959 kuma aka kafa ta duniya baki ɗaya.

ABIN DA RAMUKAN KUZA SUKA KOYAR

Likitan ya ce mutanen Jos ba su bukatar zuwa Amurka neman misali, gama garin kansa a kan wuyan leburori aka gina shi. A farkon ƙarni na ashirin, lokacin da kamfanonin Turawa suka soma haƙar kuza a Naraguta da kewaye, babu mota babu jirgin ƙasa. A ka ake ɗaukar kuza, a yi tafiyar mil wajen 200 zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Sai a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layin dogo ya hauro daga Kafancan. Duk da haka a cikin ramuka diga, da shebur, da kwanon sarki su ne injin, maza da mata suna hawa da sauka da jiƙaƙƙiyar ƙasa a ka tun safe har yamma, heluma na tsaye yana ƙirga.

Babban darasin ya zo a 1942. A farkon wannan shekara Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ta fi samun kuza, sai Gwamnatin Turawa ta juyo kan Filato, ta kafa aikin tilas wanda talakawa suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa, mutanen ƙasar zafi, aka zuba su kan tudun da ya haura mita 1,200 bisa teku, ba isasshen bargo, ba isasshen abinci, ba ɗakin kirki. Sanyi da ciwon ƙirji suka yi musu mummunar ɓarna, musamman wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti, da yawa kuma suka gudu gida da ƙafa. Ƙarin kuzar da aka samu kuwa bai kai abin da aka yi tsammani ba. Masu mulki sun lissafa yawan hannuwa, suka manta cewa kowane hannu yana haɗe da ciki da huhu.

Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar tafkuna da ramuka birjik daga Rayfield zuwa Barikin Ladi. Masu haƙar da suka gaje su, waɗanda ke shiga rijiyoyin da ake kira loto da igiya da tocila, su ne ke cikin haɗari mafi girma, domin rami marar tokari, marar hanyar iska, ba ya yin gargaɗi kafin ya rufta.

GADON ƊAN DAKO

Daga nan ya juya ga 'yan'uwa da ke Kudu. Ya ce ɗan dakon da ke sauke buhunan dankalin Bokkos a kasuwar Mil Sha Biyu ta Ikko, ko tumatir a Bodija ta Badun, jikan mai kwanon sarki ne, aikin bai sauya ba. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka kuwa, bayan dogon awo, ta tsaya a kilo 23 ga mai ɗagawa da hannu biyu, wannan ma in kayan na kusa da jiki kuma ba a murɗa ƙugu ba. To, buhun siminti kilo 50 ne, babban buhun hatsi yakan kai kilo 100, mai garuwa da ya jera jarka 10 a baro kilo 250 yake turawa.

Ya bayyana cewa tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wasu faya-fayen guringuntsi masu kama da matashi. Idan mutum ya sunkuya da ƙafa a miƙe ya ɗaga kaya nesa da ƙirjinsa, nauyin da ke danne waɗannan faya-faye yakan ninka nauyin kayan sau da yawa. Ba rana ɗaya suke lalacewa ba, jiki magayi ne, sai bayan shekaru ciwo ya sauko ta cinya har tafin ƙafa. A lokacin mai kaya ya daɗe da samun wani yaro, shi kuwa tsohon ɗan dako ya koma ƙauye da ƙullin magani. Faɗa wa ɗan dako ya yi hankali ba zai rage kilo ko ɗaya ba. Abin da zai rage shi ne ƙungiyoyin kasuwa su yarda a raba buhu biyu, a gina dandamalin sauke kaya daidai da tsayin bayan mota, a kuma shimfiɗa hanyar da baro zai bi.

ASIBITI MA WURIN AIKI NE

A fannin lafiya, in ji shi, Jos ta ba duniya darussa biyu masu ɗaci. Na farko shi ne zazzaɓin Lassa. A farkon 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan, Laura Wine, daga garin Lassa na ƙasar Barno zuwa Jos da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da ta goge mata baki, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke, can ne kuma aka gano ƙwayar cutar. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a Asibitin Jankwano, ta kama masu jinya da ma'aikata. Likita Jeanette Troup ta yanke yatsa wajen binciken gawa domin gano abin da ke kashe mutane, ta rasu cikin watan Fabrairu na wannan shekara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan mata da za a kira jahila ko mai sakaci. Abin da mutuwarsu ta nuna shi ne ƙwarewa kaɗai ba ta tsare ma'aikaci. Dole safar hannu ta kasance a inda hannu zai kai, akwatin zubar da allura ya zauna a gefen gado, famfon wanke hannu ya kasance a bakin ƙofa da ruwa a cikinsa, a kuma ware ɗakin masu cuta mai yaɗuwa. In aka sa famfo a ƙarshen baranda, ma'aikaciyar da ke duba gado talatin ita kaɗai da dare za ta tsallake shi, kome yawan takardun gargaɗin da aka manna a bango.

Darasi na biyu ya zo a 1990. Tsakanin watan Yuni da Satumba na wannan shekara yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya nuna sun sha ruwan farasitamol wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba, dayetilin gilaikol, maimakon furofilin gilaikol da ya kamata a sa. A Badun ma an yi irin wannan rashi, jimlar yaran da suka mutu a ƙasa ta haura ɗari. Sinadaran biyu duk ruwa ne garai mai ɗan zaƙi, ido ba ya bambanta su, sunayensu kuma sun yi kama. Mai haɗa magani ya dogara ga abin da aka rubuta a jikin duro, babu wanda ya auna a hanya. Wannan masifa tana cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993. Amma a 2008 aka sake yin irinta da wani maganin haƙoran jarirai da aka haɗa a Ikko, yara fiye da 80 suka mutu.

Ya ce gyara a asibiti ba lalle ne ya zama mai tsada ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai tambaya 19 wadda ake karantawa da ƙarfi a ɗakin tiyata: wane ne marar lafiya, wane gefe za a yanka, an ƙirga auduga da almakashi kafin a ɗinke? An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe dabam-dabam, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, sai mace-macen bayan tiyata suka sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Daga matuƙan jirgin sama aka aro wannan dabara.

HAWAN KIBO DA BARCIN DIREBA

Da ya zo kan sufuri sai ya dubi sashen direbobi, ya ce duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Jos zuwa Kudu ya san Hawan Kibo, inda hanya ke gangarowa daga kan tudu a murɗe, ya kuma san gawarwakin motocin da ke kwance a gefenta. Birki aikinsa shi ne mai da gudu ya zama zafi. Tirela mai nauyin tan 30 ko fiye, in direba ya danne birki tun daga sama bai saki ba, ƙarfen yakan yi zafi har ya daina kamawa, sai a ji an ce birki ya tsinke. Wanda ya sa babbar giya tun kafin ya soma gangara, inji ne ke riƙe masa motar. Wanda ya kashe inji ko ya sa furi domin tsimin man da mai mota ya auna masa, ya jefa kansa da jama'a cikin halaka. A nan ma, in ji likitan, sai a tambayi wanda ya auna man, da wanda ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida. A ƙasashe masu duwatsu akan gina wata 'yar hanya mai zurfin tsakuwa a gefen gangara, inda motar da birki ya ƙwace za ta kutsa ta tsaya, kuma kowace doguwar gangara a ƙasar nan tana bukatar irinta da alamar da direba zai gane ko bai iya karatu ba.

Game da barci, ya ce binciken da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha giya. Dokar Tarayyar Turai ta hana direban babbar mota tuƙin da ya wuce awa 9 a yini, sai ɗan ƙarin da aka ƙayyade, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Direban tumatir kuwa yakan tashi daga Filato ya nufi Ikko, tafiyar kilomita wajen dubu, ana gaya masa in kaya suka ruɓe a bakin ladarsa. Sai ya kama goro, da shayi mai kauri, wani har da ƙwaya. Waɗannan suna buɗe ido, ƙwaƙwalwa kuwa tana satar barcinta. Gyangyaɗin daƙiƙa 4 a gudun kilomita 90 cikin awa, mota ta ci mita 100 ba kowa a sitiyari. Duban waya na daƙiƙa 5 a gudun kilomita 80 ya fi tsawon filin ƙwallo.

Ya tunatar da taron cewa Nijeriya ta taɓa nuna tana iya tsara abu da mutum a zuci. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, bayan an daɗe ana wayar da kan jama'a ta rediyo da alamun hanya. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, a 2017 kuma ta soma tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Saura a kai ga awoyin direba da yadda ake biyansa.

WAYA DA NA'URAR KUƊI

A ƙarshe ya taɓo na'urorin zamani. Ya ce tun da wayar hannu ta shigo a 2001, musamman kuma bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, mai shayi da mai gadi da mahauci duk sun shiga tura kuɗi ta waya. Amma akasarin waɗannan hanyoyi da Turanci aka rubuta su, da ƙananan baƙaƙe, kuma in mutum ya tsaya tunani kaɗan sai layi ya yanke. Lambar asusun banki lamba 10 ce, alhali tun 1956 masanin nan George Miller ya nuna abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce guda bakwai ba, ko sama ko ƙasa kaɗan. Wanda ya kasa sai ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga wani baƙo a bakin na'urar cirar kuɗi, guminsa na wata uku ya tafi, a ce masa shi ne wawa. Nuna sunan wanda za a tura wa kuɗi kafin a danna, wannan tsari ne mai kyau, ya kuma ceci mutane da yawa. Sauran shi ne a yi bayani da Hausa da sauran harsunan ƙasa, da murya ga wanda bai yi boko ba.

Haka na'urar ɗaukar zanen yatsa. Birkila da ɗan dako da manomi aiki ya cinye musu zanen yatsu, na'ura ta ƙi su, su yini a layi. A zaɓen 28 ga Maris 2015 na'urar tantance masu ƙuri'a ta yi gardama har ga Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, babu kuwa wanda ya ce laifinsa ne. Daga baya Hukumar Zaɓe ta kawo na'urar da ke duba fuska in yatsa ya ƙi.

KIRA GA HUKUMA DA JAMA'A

Likitan ya ce akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, amma mai baro da ɗan loto da karen mota ba su da takardar ɗaukar aiki, saboda haka da wuya inuwar waɗannan dokoki ta kai kansu. Ya roƙi Gwamnatin Tarayya da ta jihohi su ƙara yawan masu duba wuraren aiki, su kuma sa a riƙa binciken kowane babban haɗari domin gano dalili, a buga sakamakon kowa ya gani. Ya ce duk jam'iyyar da ke neman ƙuri'ar talaka, wajibi ne ta faɗi abin da ta tanada domin bayansa da huhunsa.

Ga sarakunan Hausawa na Agege, da Sabon Badun, da Shagamu, da shugabannin tasha da na kasuwa, ya ce su ne suka fi kusa da gyara. Suna da ikon yanke nauyin buhu a kasuwarsu, da hana mota tashi tafiyar dare da direba ɗaya, da ajiye littafin da za a riƙa rubuta duk wanda ya ji rauni, da inda ya ji, da yadda aka yi. Bayan shekara guda littafin da kansa zai nuna musu wace kwana ce, wane tsani ne, wace sa'a ce ke cin mutane.

Ya rufe jawabinsa da cewa duk ranar da aka kawo labarin haɗari, bayan an yi wa mamaci addu'a, a daure a yi tambaya uku: awa nawa ya yi bai runtsa ba, kilo nawa aka ɗora masa, kuma wa ya tsara aikin haka? Ya yi addu'a Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowane ɗan ci-rani gida da lafiyarsa, taro ya amsa da amin.